Agogon Najib Mahfuz: Nasiha ga Matasan Marubuta

Shekara 37 Najib Mahfuz ya yi yana cin albashin gwamnatin Masar, tun daga 1934 da ya gama karatun falsafa a jami'a a Alƙahira har zuwa 1971 da ya yi ritaya. Kullum da safe yana ofis, cikin fayiloli da masu kawo koke, kamar kowane ma'aikaci. A cikin waɗannan shekaru ne ya rubuta mafi yawan littattafan da suka jawo masa kyautar Nobel ta adabi a 1988, kuma shi ne marubucin Larabci na farko da ya same ta. Ya bar ƙagaggun labarai fiye da 30, da gajerun labarai ɗaruruwa, da labaran fim fiye da 20. Duk matashin da ke cewa sai ya gama makaranta, ko sai kasuwa ta lafa, ko sai yara sun tasa, sannan zai zauna ya rubuta littafin da ke cin ransa, ya kamata ya san yadda wannan bawan Allah ya kasafta yininsa.

Da sassafe yake tashi, ya fita ya yi tafiyar ƙafa mai nisa. Shekarun da ya yi zaune a unguwar Aguza, a bakin kogin Nilu, yakan tako daga gida ya haye gada ya shiga tsakiyar gari, ya sayi jaridu, ya zauna a gidan gahawa ya duba su. Ofis ya cinye masa safiya har bayan azahar. In ya koma gida ya ci abinci, ya ɗan rintsa, sannan da yamma ya zauna a tebur. Awa biyu zuwa uku, iyakar rubutun ranar ke nan. Da lokacin ya cika sai ya ajiye alƙalami, ko da kuwa labarin yana tsaka da daɗi, ya ɗauki littafin wani ya karanta. Abokansa har tsokanarsa suke yi, wai ana iya saita agogo da shigarsa da fitarsa.

Kuma ba duk shekara yake rubutun ba. Yana da lalurar ido da ke taso masa da zarar zafi ya shigo, ta hana shi karatu da rubutu. Saboda haka ya mayar da aikinsa na watannin sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu. Sauran watannin yakan yi wani ɓangare nasu a Iskandariyya, a bakin teku, yana hira da abokai irin su Taufiƙ al-Hakim, yana juya labarin da zai kama in sanyi ya dawo.

To, a yi lissafi. 'Yan awanni a yini, cikin rabin shekara, kuma Alhamis da Juma'a na abokai ne. Da wannan ɗan lokaci aka gina duk abin da ake ta yabo. Wanda ya rubuta shafi ɗaya tak a rana, kwana biyar a mako, wata shida zai same shi da shafi kusan 130, kuma littattafai da yawa da ke kasuwa ba su kai haka ba. Galibin matasan da ke kukan rashin lokaci suna da awa ɗaya a yini. Abin da ba su yi ba shi ne su yanke ta, su sa mata iyaka, su hana kowa taɓa ta. Ana jiran ranar da ilhama za ta sauko a yi shafi ashirin a dare ɗaya, sai a yi, sai kuma a yi wata biyu ba a waiwayi takardar ba, har mai labarin ya manta sunan ƙanwar jarumarsa. Mahfuz bai jira ilhama ba. Ya sa mata lokaci, in ta zo ta same shi a zaune, in ba ta zo ba ya yi gyaran abin da ya rubuta jiya.

Wani zai ce ai aikin ofis ɗin ya tauye shi, da ya samu sukuni da ya ninka haka. Wataƙila. Shi kansa bai ɓoye cewa aikin ya cinye masa rabin rayuwa ba. Amma a duba abin da ya kwaso daga can. Ya daɗe a Ma'aikatar Auƙafi, wadda ke kula da dukiyar wakafi, inda ake ganin jikokin masu hali da talauci ya ci suna zuwa neman haƙƙinsu. An kuma taɓa sa shi a wani shirin ba da rance marar ruwa ga talakawa a tsohuwar Alƙahira, kusa da unguwar Gamaliyya inda aka haife shi a 1911. Aikinsa ya zauna da masu neman rancen ya ji bayaninsu. Mai sayar da kaya a lungu, da bazawara mai marayu, da wanda jarinsa ya karye, duk sun zauna a gabansa sun faɗi abin da ba su faɗa wa maƙwabta. Babu makarantar koyon rubutu da za ta ba mutum wannan.

Shi ya sa ƙaramin ma'aikacin gwamnati ya cika littattafansa, kuma ya fito da rai. A cikin Hadratul Muhtaram, wanda ya fito a 1975, jarumin wani akawu ne da ya shiga aiki a mataki na can ƙasa, ya ɗora ransa a kan kujerar babban darakta, ya yi ta ɗage aure da jin daɗi da zumunci saboda ƙarin girma, har kujerar ta zo masa yana kwance ba lafiya. Duk wanda ya taɓa zama a sakatariya yana jiran takardar ƙarin girma zai gane mutumin. Mahfuz ya san yadda ake tsayawa a gaban babba, ya san ƙamshin tsohon fayil, ya san irin kallon da masinja ke yi wa sabon ɗauka. Saboda haka malamar firamare da ke ganin aji ya hana ta rubutu, da yaron shago da ke ganin kanti ya ɗaure shi, da mai aikin jinya da ke kwana a asibiti, su sake duba inda suke. Suna zaune a kan kayan labarin da wasu ke nema ido rufe. A nan gida ma, Abubakar Imam yana koyarwa ne a makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar rubutu ta 1933.

Sai batun majalisa, wanda ya fi kowanne kusa da rayuwar matasanmu. Mahfuz mutumin gidan gahawa ne na gaske. Ya zauna a Fishawi da ke cikin kasuwar Khan al-Khalili tun yana saurayi. Ya yi shekaru yana da zaman adabi duk ranar Juma'a a gidan gahawa na Kazino Opera, har sai da idon 'yan sanda ya yi yawa a wurin a farkon shekarun 1960, daga baya zaman ya koma gidan gahawa na Rish. Daren Alhamis kuwa na aminansa ne na ƙut da ƙut, waɗanda suka sa wa kansu suna Harafish, cikinsu har da ɗan wasan fim Ahmad Mazhar da darakta Taufiƙ Salih. A can babu wata muhawarar adabi mai nauyi, ci ne da raha da barkwanci, kuma an san Mahfuz da saurin mayar da magana da dariya mai ƙarfi. Wannan zama ya yi shekaru da dama bai yanke ba.

Abin lura a nan shi ne kowace majalisa da ranarta da lokacinta. Yana zuwa a kan lokaci, yana tashi a kan lokaci, kuma waɗanda suka zauna da shi sun shaida ya fi sauraro a kan magana. Matasa marubuta kan kawo masa rubutunsu ya karanta, su kuma su kawo masa labarin abin da gari ke ciki. Ta haka mutumin da ba ya yawo ya san abin da ake faɗa a kasuwa da jami'a da gidan yari. Littafinsa al-Karnak na 1974, wanda ya taɓo azabtar da matasa a hannun jami'an tsaro, a gidan gahawa aka gina shi, kuma daga irin hirar da ya ji a can ya samo shi.

Ba wanda zai ce wa matashi ya daina zuwa majalisa ko teburin mai shayi. Marubucin da ya ƙaurace wa mutane, maganar mutanen labarinsa takan fito a sandare, kowa na magana kamar yana karanta sanarwa. Matsalar ita ce majalisar da ba ta da lokacin tashi, wadda ake zama tun la'asar har sha biyun dare ana musun ƙwallo, da kuma 'yar'uwarta ta cikin waya, wadda ba ta tashi ko da asuba. Irin wannan ba ta ba marubuci komai, ƙwace masa take yi. Kuma a yawancin majalisu kowa so yake a ji tasa. Mai son rubutu ya koyi yin shiru, ya lura da yadda dattijo ke kewaye magana kafin ya faɗe ta, da yadda mai bin bashi ke fara gaisuwa, da abin da mutum ke yi da hannunsa in yana ƙarya.

Abubuwan da Mahfuz ke sha'awa suna da yawa, kuma yadda ya yi da su darasi ne. Yana yaro a unguwar Abbasiyya ɗan ƙwallo ne da ake ji da shi. Yana jami'a ya shiga makarantar koyon kiɗan Larabawa ya yi kamar shekara yana koyon ƙanun, wani kayan kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake ɗorawa a cinya. Son da yake yi wa waƙar Ummu Kulsum ya kai har ya sa wa 'yarsa sunanta. Ya so tarihin Masar ta dā tun mahaifiyarsa tana kai shi gidan tarihi da wajen dala yana ƙarami, kuma littafin da ya fara bugawa a 1932 fassara ce daga Turanci a kan wannan tarihi. Ya so falsafa har ya fara digiri na biyu a kanta. Ya so sinima tun yana ɗan yaro.

Amma taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Wajen 1936 ya ajiye digirin falsafar, ya zaɓi adabi. Ƙwallo ta zama ta kallo da hira, kiɗa ya zama na sauraro. Har a cikin adabin ma ya sake zaɓe. Ya tsara rubuta tarihin Fir'aunoni kakaf a jerin ƙagaggun labarai masu yawa, ya yi uku tsakanin 1939 da 1944, sai ya ga lungunan Alƙahira na zamaninsa sun fi kiransa, ya watsar da shirin duk da wahalar binciken da ya riga ya sha. Daga nan ne aka samu Khan al-Khalili da Zuƙaƙ al-Midaƙƙ da sauran littattafan da suka yi masa suna.

Abubuwan da ya ajiye kuwa ba su ɓace ba, sun dawo ta bayan gida. Waƙoƙin zamanin sun cika shafukan labaransa, mawaƙa da makaɗa suna cikin mutanensa. Falsafar ta koma cikin Kamal, ƙaramin ɗan gidan Sayyid Ahmad Abdul Jawad a littattafansa uku da suka fi shahara, saurayin da karatu ya jefa cikin tambayoyi. Matashin da ke son ƙwallo, da ɗinki, da kiwon tattabaru, da tarihin sarakuna, kada ya ɗauka dole sai ya kashe su kafin ya zama marubuci. Ya dai san wanne ne uban gida a cikinsu, sauran su yi masa hidima.

Sinima ce kaɗai ta zama masa sana'a ta biyu, kuma ta cece shi a wani lokaci mai wuya. Bayan juyin mulkin sojoji na Yulin 1952, alƙalaminsa ya tsaya cak. Al'ummar da ya saba suka a labaransa ta sauya, ya rasa abin faɗa, ya yi kimanin shekara biyar bai rubuta ƙagaggen labari ba, har ya ɗauka ya gama. Bai zauna yana jimami ba. Ya koma rubuta labaran fim, musamman tare da darakta Salah Abu Saif, wanda ya koya masa aikin tun a shekarun 1940. Rayya da Sakina na 1953 da al-Futuwwa na 1957 suna cikin finafinan da ya sa hannu. Da ya dawo rubutun littafi, salonsa ya canza: labaran shekarun 1960, irin su al-Liss wal-Kilab na 1961, gajeru ne, masu sauri, suna yanka daga wannan fage zuwa wancan ba tare da dogon bayani ba. Wani abin sha'awa, an mayar da littattafansa da yawa fim, amma bai yarda ya rubuta labarin fim ɗin littafinsa da kansa ba. Yakan ce a tambaye shi littafi, fim kuwa na masu shi ne. Marubutanmu da ke kai-kawo tsakanin littafi da masana'antar fim ta Kano suna da abin dubawa a nan.

Haƙurinsa da jiran sakamako shi ne abin da zai fi yi wa matashin yau wuyar haɗiya. Ya yi shekaru yana fitar da littafi masu sharhi ba su kula shi ba sai ɗaiɗaiku, cikinsu har da Sayyid Ƙuɗub, wanda a lokacin mai sharhin adabi ne. Babban aikinsa, labarin zuriya uku na wani gida a Alƙahira daga zamanin boren da aka yi a Masar a 1919 zuwa shekarun 1940, ya gama shi kafin juyin mulkin 1952, bayan shekaru yana tara bayani a kan kowane mutum da ke ciki don kada ya rikita kamanni ko shekaru. Ya kai wa mai buga littattafansa tulin takarda sama da shafi dubu, mutumin ya ce ba zai iya ba. Sai da wata mujalla ta fara fitar da shi kashi-kashi, mutane suka so shi, sannan aka raba shi uku aka buga: Bainal Ƙasraini a 1956, Ƙasrush Shauƙ da as-Sukkariyya a 1957. Yana da shekara 45 a lokacin.

Yau marubuciya kan rubuta shafi da rana ta saka a WhatsApp ko Wattpad da dare, masu karatu na ta kiran a ƙaro. Wannan yana da amfaninsa, don ya tilasta wa mutane da yawa rubutun kullum, kuma ya fito da 'yan mata masu baiwa da ba a san da su ba. Illarsa ita ce babu gyara. Abin da aka rubuta da zafinsa ake sakewa, in masu karatu sun ce a kashe kishiya sai a kashe ta, labarin da ya kamata ya ƙare a babi talatin ya kai ɗari. Shawara ita ce a riƙe rubutun kullum ɗin, amma a sa tazara tsakanin rubutawa da fitarwa. A bar babi ya kwana bakwai, a sake karanta shi da murya, a yanke abin da ya yi yawa.

Ba a ce a kwaikwayi mutumin a komai ba. Yana shan taba, kuma ciwon sukari ya kama shi tun yana tsakiyar shekarunsa. Ya jinkirta aure har ya kai 43 don tsoron kada iyali su hana shi rubutu. Ba ya son tafiya, fitarsa daga Masar ba ta wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, har Sitokhom ma bai je karɓar kyautarsa ba, 'ya'yansa mata biyu ne suka karɓo masa. Kuma gaskiya ce a faɗa, wannan tsari nasa ya tsaya ne a kan matarsa, baiwar Allah da ke dafa abincin ranar, tana hana hayaniya lokacin da yake tebur. Matar da ke son rubutu, ga girki ga goyo ga aiki, ba ta da wannan gata. Ita awarta wataƙila bayan sallar asuba ce kafin gida ya tashi, ko bayan yara sun tafi makaranta, wataƙila ma rabin awa ce. Maigidan da ke alfahari matarsa marubuciya ce, ga inda zai nuna alfaharin: ya riƙe yaran na wannan ɗan lokaci.

Ranar da aka sanar da kyautar Nobel, 13 ga Oktoba 1988, yana barcinsa na rana matarsa ta tashe shi, ya ɗauka wasa ne. Ranar Alhamis ce, kuma duk da 'yan jarida sun cika gidan, da dare ya tafi wajen Harafish kamar yadda ya saba.

Wannan tsari da kowa ya sani shi ne kuma ya sa masu nufinsa da sharri suka san inda za su same shi. Littafinsa Aulad Haratina, da jaridar al-Ahram ta fitar kashi-kashi a 1959, ya jawo suka mai tsanani daga malamai, waɗanda suka ga ya taɓa abin da bai kamata a taɓa ba a sha'anin addini. An hana buga shi a Masar, shi ma ya yarda kada a buga shi a can sai da amincewar Azhar. Ranar Juma'a 14 ga Oktoba 1994, yana da shekara 82, ya fito daga gida ya shiga motar abokinsa za su tafi zaman mako, wani saurayi ya matso kamar zai gaishe shi ya soka masa wuƙa a wuya. Asibiti na kusa da gidan, aka yi masa aiki ya rayu. Da aka binciki saurayin, ashe bai taɓa karanta littafin ba. Saɓani a kan littafi da hujja ake yin sa, kuma wanda zai yi hukunci a kan rubutu mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne ya karanta.

Wuƙar ta taɓa jijiyar hannunsa na dama. Ga ido ya yi rauni, ga kunne ya yi nauyi, ga hannun da ya yi shekara sittin yana rubutu ya ƙi riƙe alƙalami. Tsohon ya koma kamar ɗan aji ɗaya, kullum yana zama yana gwada rubuta sunansa da haruffa manya-manya a kan layi, har hannun ya ɗan saki, ya iya rubutu na ɗan lokaci kaɗan a yini. Tunda dogon labari ya gagara, sai ya sauya ma'auni. Yakan tsara ɗan gajeren labari a ka, mai kama da mafarki, wanda bai wuce sakin layi ɗaya ba, ya yi ta bitarsa har ya zauna, sannan ya rubuta, daga baya kuma ya riƙa shifta wa wani. Waɗannan su ne aka tara a littafin Ahlam Fatratin Naƙaha, wato mafarkan lokacin jinya. Abokansa kuma suka raba kwanakin mako a tsakaninsu, kusan kowane dare da inda za a kai shi hira, suna karanta masa jarida da ƙarfi a kunne. Haka ya ci gaba har rasuwarsa ranar 30 ga Agusta 2006, yana da shekara 94.

Ƙannena masu son rubutu, kowa ya duba yininsa daga asuba zuwa kwanciya, ya nemo awa ɗaya da zai iya karewa, ko da bayan isha'i ce. Ku sanar da mutanen gida da abokai cewa a wannan lokaci ba kwa nan, ku kashe waya ko ku bar ta a wani ɗaki, in a wayar kuke rubutu ku kashe data. Ku sa wa majalisa ranarta, ku sa wa karatun littattafan wasu nasa lokacin, don wanda ba ya karatu rubutunsa ba ya nisa. Ku riƙe wannan wata shida ba tare da kun nuna wa kowa ba, sannan ku kai abin da ya taru wajen wanda ya fi ku sani ya duba muku.